Ɗigo Uku a Kan Kwali

Daren Talata na shimfiɗa kwalin taliya
ƙarƙashin tsohuwar a-kori-kurar Evaristo,
na danne shi da duwatsu huɗu,
don iskar Esquel ba ta barin abu inda aka aje shi.
Da asuba, ɗigo uku.
Biyu sun manne kamar tumaki a sanyi,
na ukun ya ware can hagu.

Anselmo ya leƙo ta saman shinge,
ƙoƙon shayin mate a hannu.
Wai man birki ne, Nélida,
ki sayar da ita tun tana da sauran kunya.
Anselmo bai taɓa kwanciya ƙarƙashin komai ba
sai bargo.

Na dangwala yatsa.
Man birki tsinkakke ne, ba ya jan zare.
Wannan kauri gare shi, zumar da ta kwana waje,
ga warin ɓaragurbi har maƙogwaro.
Na san warin nan.
Shekara talatin da ɗaya
ina wanke shi daga wuyan rigar mutum ɗaya.
Man giya ne.

Na ɗaga ta da jak, na tokare da kututture,
na shiga da baya, tocila a baki.
Ga tukunyar ƙarfen nan tsakanin tayoyin baya,
mai raba wa kowace ƙafa rabonta in an zo kwana.
Ta jiƙe sharkaf, laka da mai sun zama fata.
Laifin wa?
Gaskit na iya.
Robar bakin farfela na iya.
Shokazoba na can sama, ta kau da kai
kamar ba da ita ake ba.
Mai ba ya ɗiga inda ya fito,
bin ƙarfe yake, sannu sannu,
ya sauka ƙofar wanda bai ji ba bai gani ba.

Na kwance notin cikawa, na zura ƙaramin yatsa.
Gaɓa ɗaya, ƙamas.
Gaɓa biyu, sannan danshi.
To, da saura, amma an sha.

Kananzir da tsumma, har ƙarfe ya fito da fuskarsa.
A aljihun mota na tarar da hodar ƙafarsa,
rabin gwangwani, tun watan da aka kai shi asibiti.
Na barbaɗe tukunyar fat,
ta koma kamar burodin da bai shiga tanda ba.
Na tuƙa har gada, na juyo,
rediyo a kashe, kunne a baya,
ina jiran kukan da ba na son ji.

Farar hoda ba ta iya rufa asiri.
Siririn layi, baƙi, daga robar farfela.
Har na fara lissafin kuɗin ulu,
buhu nawa zai tafi shagon Lautaro,
sai tocila ta zame sama:
ɗan bututun da tukunya ke numfashi ta cikinsa
an toshe shi da jar ƙasa, sumul, aikin gwani.
Zanzaro ya yi gida.

Wata bakwai motar na tsaye, ai dole a samu ɗan haya.
Ciki ya yi zafi, iska ta rasa ƙofa,
ta tura mai ta inda ya fi taushi.

Na ciro allurar saƙa daga gashina,
na soka.
Ƙasa ta zubo min a goshi,
sai wani ɗan huci, fuu,
kamar na wanda ya daɗe da magana a ciki.

Na daɗe a kwance a wurin, fiye da yadda aikin ke bukata.
Takalman Anselmo suka zo suka tsaya daidai taya.
Lafiya?
Na ce mai ne ya faɗa min a ido,
miƙo safana sha bakwai.

Na cika ta har ya taɓo bakin rami.
Robar, wataƙila ta yafe, wataƙila ba ta yafe ba.
Juma'a akwai ulu da za a kai Trevelin.
Yau da dare, sabon kwali,
duwatsun nan huɗu.